Yadda na tuƙa amalanken karnuka a Svalbard

Kafin ka ga kare ko ɗaya, takarda ce za ta fara ja maka rai. Svalbard tarin tsibirai ne a ƙarƙashin ikon Norway, can tsakanin arewacin ƙasar da ƙuryar arewacin duniya. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Paris a 1920 ta ba Norway mulkin wurin, kuma har yau babu wanda ake tambaya biza don shiga tsibiran, ko daga ina ya fito. Sai dai jiragen fasinja daga Oslo ko Tromsø suke tashi, Svalbard kuwa ba ya cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Norway. Ranar da ka hau jirgin Longyearbyen, babban garin tsibiran, an ɗauka ka fita daga yankin, ranar dawowa kuma sabuwar shiga ce. Mai fasfo irin namu dole ya nemi bizar da ta yarje masa shiga sau biyu. Ni da ma wani taron aiki ne zai kai ni Oslo, don haka tun wajen cike takardar na rubuta ƙarara cewa zan leƙa Svalbard, na haɗa da shaidar tikiti da ta masauki.

Kamfanonin da ke fita da baƙi da karnuka suna da tsari iri-iri. Akwai na awoyi kaɗan, a zaga kwari a dawo a sha shayi. Akwai na yini guda zuwa kogon ƙanƙara. Akwai kuma na 'yan kwanaki, wanda ake kwana a tanti, shi na zaɓa. Takardar da suka turo mini ba ta damu da sana'ata ba. Tsayina suke son sani, da lambar takalmina, da abin da ba na ci, da ko ina da ciwon zuciya ko na baya, da ko inshorata ta haɗa da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu. A gurbin abinci na rubuta kifi da ganye, ban da naman alade, ban da giya. Lokacin tafiya ma sai an yi shawara. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa sam a Longyearbyen, daga wajen 20 ga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma ba ta faɗuwa. Na ɗauki watan Maris: akwai dare, akwai rana, ƙanƙara ta yi ƙarfi, kuma mai salla ba ya buƙatar fatawa kafin ya san azahar ta yi.

Daga Oslo tafiyar kimanin awa uku ce. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai dubu uku ba, an zuba gidaje masu launi a cikin kwari tsakanin duwatsu biyu, babu bishiya ko guda. Sunan ya samo asali daga wani Ba'amurke, John Munro Longyear, wanda ya fara haƙar kwal a wurin a 1906. Wata ɗabi'a ta zamanin kwal ɗin ta rage: ana cire takalmi a ƙofar masauki da gidan tarihi, kamar yadda masu haƙar kwal suka saba don kada a shiga da baƙar ƙura. Wannan bai ba ni wuya ba. An hana kiwon kyanwa saboda tsuntsaye. A gefen dutsen da ke saman filin jirgi kuma akwai rumbun adana irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008, wanda cikin akwatunan farko da suka iso shi har da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ɗauke da irin wake da gurjiya. Ba a barin baƙi su shiga, ƙofar kawai ake hangowa, amma na ji wani iri da na tuna waken ƙasarmu na kwance a cikin dutsen nan.

Da safe jagorarmu ta zo da mota. Mace ce 'yar Norway, ba ta kai arba'in ba, iska ta ƙona mata kumatu, kuma ba ta da yawan magana. A bakin gari muka wuce allon nan mai hoton farin beyar, wanda daga shi ba a wucewa sai da abin kare kai. Gidajen karnuka suna can wajen gari, a kwarin Adventdalen da wani reshensa da ake kira Bolterdalen, kimanin kilomita goma. A wani ɗaki mai ɗumi ta sa kowa ya kwance jakarsa. Ta ɗaga singiletin audugar da wani ya sako, ta ajiye gefe. Auduga tana shan gumi ta riƙe, idan ka tsaya sai ta daskare a jikinka. Ulu ake sawa a jikin fata, a ɗora wani ulun, sannan su ba ka wata ƙatuwar riga mai haɗe da wando, da takalman da suka fi ƙafarka girma don iska ta samu wurin zama, da safar hannu biyu: siririya ta aiki da ƙatuwa ta rufi. Ta ce mu riƙa duban fuskokin juna a hanya. Duk wanda aka ga farin tabo a hancinsa ko kuncinsa, a gaya masa nan take ya ɗora tafin hannu mai ɗumi a wurin, kada ya murza.

Tun daga nesa ake jin haushin. Karnuka sun fi ɗari, kowanne da akurkinsa na katako a ɗage daga ƙasa, da sunansa a rubuce, da sarƙarsa. Na zaci zan ga manya-manya masu gashi buzu-buzu irin na hotuna. Mafi yawansu sirara ne, masu dogayen ƙafafu, launi barkatai, wasu kunne a tsaye wasu a kwance. Su ake kira huskin Alaska, kuma ba don kyau ake haɗa jinsinsu ba, don gudu da juriya ne. Akwai 'yan kaɗan na Greenland, masu kauri da faɗa, irin waɗanda Roald Amundsen ya kai ƙuryar kudancin duniya da su a Disamban 1911. Da 52 ya tashi, 11 suka dawo. Karnukan gidan duk an yi musu rigakafin ciwon haukan kare, domin cutar tana nan a jikin yanyawar tsibirin.

A nan sai na faɗi gaskiya, ni ɗan gidan da ba a kiwon kare ne. Iyakata da shi in gan shi a bayan mafarauta in kauce. Kafin tafiyar na tambayi wani malami a unguwarmu, ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, ya kuma tuna mini ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Hukunci dai na sani. Amma sanin hukunci bai hana gabana faɗuwa ba lokacin da jagorar ta miƙo mini allo mai sunaye shida, ta ce, “Waɗannan ne naka. Je ka kawo ta farko.”

Ta farkon baƙa ce ƙarama, idonta ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa. Yadda ake yi shi ne ka kama abin wuyanta, ka ɗaga ƙafafunta na gaba sama kaɗan, ku tafi tana taka na baya. Idan ka bar mata huɗun a ƙasa, ita za ta kai ka inda take so. Da kun isa wurin igiya sai ka sa ta tsakanin gwiwoyinka, ka zura mata ɗamarar ja ta ka, ka lanƙwasa ƙafar dama ka shigar, sannan ta hagu. Ita ta riga ta san aikin, tun kafin in kai hannu ta ɗaga ƙafar tana jira. Da na sunkuya ɗaura ƙugiya ta lashe mini gemu, na yi salati, wata dattijuwa Bajamushiya da aka haɗa mu amalanke ɗaya ta yi ta dariya.

Amalanken ba shi da taya. Wasu dogayen katakai biyu ne ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, a samansu akwai wurin kaya da na zaman mutum ɗaya, a baya kuma matuƙi yana tsaye a kan jelar katakan, ya riƙe wani baka. Doguwar igiya ɗaya ce ta fita daga gaba, ana ɗaura karnuka bibbiyu a jikinta, kowanne da igiyar wuya da igiyar baya wadda ita ce ta ja. Na gaba su ne masu hankali, su ke jin umarni, su ke neman hanya. Na kusa da amalanke su ne ƙarfafa, nauyin farko a kansu yake faɗawa. Wane zai tsaya kusa da wane ba a yinsa da ka. Akwai biyun da in aka jera su sai jini ya fita, akwai macen da ba a sa ta gaban wani namiji. Jagorar ta san wannan duka a zuciyarta, kamar mai rabon wurin zama a gidan biki.

Bayanin tuƙi bai ɗauki minti biyar ba. Babu linzami, babu bulala. Abin da ke hannunka, ko in ce a ƙafarka, birki ne: wata tabarmar roba da ake takawa don rage gudu, da wani ƙarfe mai haƙora da ake dannawa cikin ƙanƙara don tsayawa, da wata ƙatuwar ƙugiya da ake kafawa a ƙasa in za a sauka. Ta ce, “Doka ɗaya ce. Ko kun faɗi, kada ku saki. Karnukan nan ba za su waiwayo ba.”

Ana gama ɗaura na ƙarshe wurin ya rikice. Suna tsalle sama, suna kuka, suna fizgar igiya har amalanken na rawa, ni kuwa na hau birki da ƙafa biyu ina jin sa yana neman tumɓukewa. Jagorar ta ɗaga hannu daga gaba, ta cire ƙugiyarta. Na sunkuya na fizge tawa, na ɗaga ƙafa. Fizgar farko ta kusa raba ni da bakan. Kuma a daidai wannan lokacin haushin ya ɗauke ɗif, duk karnukan suka yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsu da shuuu ɗin katako a kan dusa.

Mutum zai zaci aikin matuƙi shi ne ya sa su gudu. Ba su buƙatar wannan. Aikinka ka hana su, kuma a nan gwanintar take. Igiyar nan ta tsakiya dole ta kasance a miƙe kullum. In ta yi sako-sako, kare zai iya taka ta ya harɗe, ko amalanke ya bi ta kan na baya a gangara ya karya musu ƙafa. Saboda haka idonka na kan igiya, ƙafarka na kan tabarma, kana dannawa kana sassautawa. A kwana kana karkata jiki zuwa ciki. In an zo hawa kuwa, sai ka sauke ƙafa ɗaya kana tunkuɗa ƙasa, in hawan ya yi tsanani ka sauka gaba ɗaya ka tura kana gudu cikin waɗannan manyan takalma. Idan ka yi lalaci, suna sani. Ɗaya daga cikin ƙarfafan nan na baya, wani ja mai yagaggen kunne, sai ya juyo ya zuba mini ido yana ci gaba da ja, har sai na sauka. A sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na yi sharkaf da gumi, na gane dalilin ƙin audugar.

Ba sa tsayawa don ƙishirwa, suna cikin gudu suke kai baki su wawuri dusa. Bayan gida ma yawancinsu a guje suke yi, kuma wanda ke zaune a gaba shi ya fi kowa sanin haka. Gudun ba na fitar hankali ba ne, bai fi na mai keke da ba ya sauri ba, amma suna iya riƙe shi awa da awanni. Jagorar kaɗai ke ba da umarnin dama da hagu da harshensu, namu karnukan bin sawu suke yi.

Muka bi Adventdalen muka yi gabas. A kan dutse ta dama ana hango gine-ginen ma'adinin kwal mai lamba 7 da manyan faya-fayan binciken sararin sama. Barewar wurin, gajeru masu ƙiba, suna tonon dusa da kofato suna neman ciyawa, ba su ko ɗaga kai. Karnuka kuwa da sun shaƙi warinsu sai gudu ya ƙaru, sai ka koma kan birki. Wani wurin dusar ta kau, sai ƙanƙara tsantsa mai sheƙi, inda haƙoran birki ba su kama komai. Jagorar ta ce ruwan sama ne ya sauka a tsakiyar hunturu ya daskare, abin da a da ba a cika gani ba, yanzu kuwa ya zama ruwan dare. Irin wannan ɓawon ƙanƙara yana rufe wa barewa abinci. Svalbard na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya, kuma mutanen garin ba a littafi suka karanta ba: a Disamban 2015 dusa ta zaftaro daga dutse ta afka wa gidaje, mutum biyu suka rasu.

A irin wannan santsin ne amalanken da ke gabanmu ya kife a wata kwana. Saurayin da ke tuƙi ya faɗi, amma bai saki ba. Suka ja shi a kan ciki, dusa na shiga masa ta wuya, abokin tafiyarsa na ihu a cikin buhun zama, har nauyinsu ya sa karnukan suka gaji suka tsaya. Jagorar ta kafa ƙugiya ta dawo da gudu. Ta wuce su biyun, ta fara bin karnukan ɗaya bayan ɗaya tana shafa kafaɗa da ƙafafu. Sai da ta gama ta juyo ta tambayi saurayin ko lafiya.

Wannan tsarin shi ne na zango ma. Da muka sauka a kwarin Sassendalen da yamma, yatsuna sun ƙage, cikina na kiran ciroma, na ɗauka za a kafa tanti a hura wuta. Ina! Sai da aka shimfiɗa doguwar waya a ƙasa, aka kwance kowane kare aka cire masa ɗamara aka ɗaure shi a wurinsa. Aka duba tafin ƙafafu ɗaya-ɗaya, wanda ya tsage a shafa masa mai, a tanadar masa 'yar safar da zai sa gobe. Masu ƙarancin gashi aka sa musu bargo. Sannan aka kunna risho aka shiga narkar da dusa, aikin da ba ya ƙarewa, domin tukunya cike da dusa ba ta ba ka ko rubu'inta na ruwa. A ruwan ɗumin ake jiƙa musu nama da kitse da busasshen abinci ya zama romo, saboda ta haka ne kawai za a tabbatar sun sha ruwa isasshe. Ni na riƙa bin layi da bokiti da ludayi. Kafin in kai kan na shida, na farko ya lashe kwanonsa tas. Bayan nan aka bi da shebur aka kwashe kashi. Sai a lokacin aka waiwayi 'yan Adam, aka zuba mana tafasasshen ruwa a cikin leda mai busasshen abinci, nawa na kifi da dankali. Kuɗin da na biya ba kaɗan ba ne, kuma ga abin da na saya da shi: na zama yaron karnuka. Ban ji haushi ba, domin na ga abin da suka yi mini tun safe.

Alwala sai da dabara. Na roƙi rabin kofin ruwan ɗumi, na yi ta a bakin tanti da sauri ina goge kowace gaɓa kafin iska ta same ta, na cire rigar waje mai gashin kare, na yi ƙasaru na haɗa magariba da isha'i. Alƙibla a can kusan kudu take, ta ɗan karkata gabas. Mutumin da ya tashi yana fuskantar mafitar rana sai ya ji abin banbaraƙwai.

Da dare ana gadi bi da bi saboda farin beyar. Tun 1973 aka hana farautarsa, kuma harbinsa sai in rai ne ke cikin haɗari, bayan nan ma sai ofishin gwamnan tsibirin ya yi bincike. Dokar da ta fara aiki a 2025 ta ce kada a kusance shi ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kuma mita 500. Bindiga na hannun jagora, tana kwana da ita. Mai gadi ana ba shi bindigar tartsatsin wuta ta tsoratarwa da fitilar goshi, a ce masa ya yi ta zagaye, ya riƙa duba nesa, in ya ga wani abu ya tashe ta, kada ya yi jarumta. Nawa rabon ya faɗo a tsakiyar dare. Karnukan duk sun dunƙule, kowanne ya rufe hanci da jela, dusa ta lulluɓe wasunsu har ba ka gane su sai ka ga tururi na fita. Jagorar ta riga ta gaya mini su ne ainihin masu gadin: in beyar na kusa, haushin da za su yi daban ne, ba zan buƙaci a fassara mini ba. Duk tudun da na haska sai in ga kamar ya motsa. Na karanta abin da na sani na addu'a, na yi ta taka ƙasa don yatsun ƙafa. Babu abin da ya zo, sawunsa kawai muka gani washegari a bakin teku, tsoho, iska ta fara share shi, faɗinsa ya fi takalmina.

Wurin da muka ga sawun kusa yake da Fredheim, gidan katakon da wani maharbi mai suna Hilmar Nøis ya gina a bakin mashigin teku na Tempelfjorden, mutumin da ya yi hunturu 38 a Svalbard. Duk abin da ɗan Adam ya bari a tsibiran kafin 1946 doka ta kare shi, ko tsatsattsen gwangwani ne ba a ɗauka. Mun sha shayi daga filas a jikin bangon, muka juya.

Akwai abin da ban gama daidaita shi a raina ba. Ganin dabba a sarƙa a irin wannan sanyi ba daɗi, kuma na faɗa wa jagorar haka. Ta ce hukuma na zuwa dubawa, ana sakinsu su yi wasa a fili, da rani kuma ana ɗaura su a amalanke mai taya don kada su zauna haka nan. Abin da na gani da idona shi ne wanda aka bari a gida ranar tafiya shi ke kukan baƙin ciki, ba wanda aka ɗaura ba. Amma na kuma lura da cewa komai ya rataya ne a kan halin mai kula da su, kuma baƙon da ya zo na awa uku ba zai iya gane gidan kirki da na banza ba. Shi ya sa nake ganin gara mutum ya tambaya tun kafin ya biya: karnuka nawa ke hannun ma'aikaci ɗaya, kuma ina ake kai waɗanda suka tsufa?

Da muka hango Bolterdalen karnukan suka ƙara wuta, sun san gida. Aka maimaita komai a juye: kafa ƙugiya, cire ɗamara, mayar da kowa akurkinsa, romo, shebur. Baƙar nan mai ido launi biyu ta haye rufin akurkinta ta miƙe, ba ta ko kalle ni ba. Bajamushiyar ta tsaya tana tambaya game da tsofaffin da suka daina ja, domin ana ba da su ga mai so, sai dai fitar da kare daga Svalbard sai an bi matakan likitan dabbobi saboda ciwon hauka. Ta karɓi takardar bayani ta sa a jaka. Jagorar ta juyo wurina, karon farko da na ga haƙoranta, ta nuna jan nan mai yagaggen kunne ta ce baɗi zai yi ritaya, ko ina so? Na ce mata nan da wata guda zafin Kano zai kai digiri 40, kuma ban san da wane baki zan yi wa Hajiya bayani ba.